Mai Tsaron Busasshen Fanfo

A tsohuwar hanyar Paris zuwa Lyon akwai gidan mai da ya mutu tuntuni, aka fente shi don 'yan yawon buɗe ido. Wani dattijo yana tsaye cikin shuɗin kayan aiki irin na da, riƙe da tiyo, ana ɗaukarsa hoto. Ana sauke waya, murmushinsa ya ɓace.

Na ji ya ce "wash Allah", sai na gane mutumin ƙasarmu ne, na gaishe shi da aiki.

"Da godiya, ɗana. Fanfon ne dai ko ɗigon esans babu."

Ina jin ya daɗe yana sayar da mai a can gida. Baƙin sun tafi, amma sai da ya karkaɗe bakin tiyon sau biyu, sannan ya rataye shi.