Layinmu Ashe Kogi Ne

Shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina a Jidda ina tuƙa wani dattijo ɗan Koriya, injiniya a wajen tace ruwan teku. Ba shi da hira sai ta kogin garinsu. Ni haihuwar Jidda ce, kogi a talabijin na san shi, sai in ƙyale shi ya yi ta zuba da gurgun Larabcinsa.

Ƙaramin kogi ne, in ji shi. Daga tsakanin duwatsu yake gangarowa, ya shayar da gonakin shinkafa, ya raba gundumomi biyu, sannan ya faɗa wani babba kafin teku. Kasuwar yankin ma a mashigarsa ta kafu. Da rani ruwan bai wuce idon sawu ba, amma ko mahaukaci ba ya gini a bakinsa.

Bayan rusau, ni da yayata, wadda ta raine ni, muka sami ɗaki a wani kwari can gabashin gari. Dattijon ya zo yi mana barka. Tun kafin ya shiga ya tsuguna ya ɗauki wani dutse mai sulɓi, ya dubi gangaren layin, ya dubi tsaunuka.

"Nan kogi ne," ya ce.

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ce masa ya kawo mana kifin. Halas, zance ya ƙare, mu dai mun sami inda za mu sa haƙarƙarinmu."

Ni ma na dara. Ko mun yarda da shi, ina za mu koma?

Mu 'yan Jidda ruwan sama biki ne a wurinmu. Fitowa muke ya jiƙa mu, muna addu'a. Safiyar da abin ya faru ina wurin aiki. A layinmu yayyafi kawai aka yi, Yaya ta fito tsakiyar hanya ta ɗaga hannuwa sama. Ashe a bayan tsaunuka aka tafka ruwan gaske, ya biyo tsohuwar hanyarsa da laka da motoci. Sai bayan la'asar aka sami gawar Yaya a bakin wata kwalbati.

Dattijon ya zo gaisuwa, ya tsaya daga gefe. Bai sake ambaton koginsu ba, ni kuwa har haushin shirun nasa nake ji.

Har yau a ɗakin nake, don ban sami wani ba. In hadari ya haɗo, maƙwabta na fitowa da murna, ni tsaunuka nake kallo.