Abarta a Layin Rigakafi

A layin rigakafi akwai wani dogon mutum da ya hana malamar asibiti sakat. Yana zama yana miƙewa, bini-bini yana kara yatsa a hancin jaririyar da ke hannunsa. Farcensa duk baƙin mai. Makanike ne, in ji zuciyarta, zumuɗin 'yar fari ke ɗibarsa.

Da layi ya zo kansa ta ce, "Sunanta?"

"Abarta."

"A bar ta kuma? Allurar fa?"

Matan layi suka kwashe da dariya. Shi ko murmushi.

"Sunan ke nan, Malama. Na kakata ne, yanzu an daina sa shi. Biyu muka binne kafin ita. Ba ke ake roƙo ba."

Yatsan ya sake komawa hancin.