Mai Auna Likitoci da Agogo

Tana zaune a bencin asibiti, jaka a cinya, tabarau a karan hanci, wani ƙaton agogon maza a tafin hannunta. Takardun shaidar da aka jera a bango ba su dame ta ba, ƙofofin likitoci biyu ta sa wa ido. Wata mata ta shiga ta farko, minti uku ta fito.

"Ko ƙwai bai isa dahuwa ba," in ji ta.

Nas ta kira ta can, ta maƙe kafaɗa. "'Yar nan, sau ɗaya nake kawo jikin nan a shekara. Waccan likitar mai jinkiri nake jira, wadda kowa ke yi wa tsaki."

Ina zargin akwai wata tata da aka taɓa sallama cikin minti uku.