Ranar da Baba Ya Nemi Cokali

Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka. Daga Katsina suka taso suka zauna a Sunkani tun kafin a haife ni, kuma da wuƙar fawa aka ciyar da mu, aka tufatar da mu, aka kai ni makaranta. Ni ne autansa. Sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin a shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin gona na daina cin nama.

Wani hutu ne na bi shi mahauta ina taya shi riƙe igiya. Aka yanka wata saniya, da aka buɗe cikinta sai ga ɗan maraƙi kwance, har gashi ya fito masa. Ba wanda ya san tana da ciki, Baba ma ranar bai ji daɗi ba. Amma ni tun daga nan na fara barin abinci ɗaya bayan ɗaya. Nama ya fara tafiya, kifi ya bi shi, sannan ƙwai da nono da man shanu. Ban taɓa cewa haram ba ne. Allah ya halatta, zuciyata ce kawai ta ƙi.

Shekara uku ina ɓoye masa. In na je gida sai in ce olsa ce ta tashi, ko in ce azumin nafila nake yi, da Babbar Sallah kuwa 'ya'yan yayyena su ke morar rabona. Tsorona ɗaya ne, kada ya ɗauka na yi boko na raina sana'ar da ta raine ni.

Bayan an ƙirƙiro sabuwar jiharmu na sami aiki a Jalingo, na kama ɗaki a unguwar Sintali. Wata rana da damina, lokacin sabuwar doya, sai ga Baba a ofishinmu ba sanarwa, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce. Ya gaisa da kowa har masinja, ya shafa teburina kamar mai duba kitsen sa a kasuwa. Da muka idar da sallar Azahar ya ce yau shi zai ciyar da ma'aikacin gwamnati. Na kawo uzurin aiki, shugabana da kansa ya ce in tafi.

A unguwar Nukkai akwai rumfar wata mata 'yar ƙabilar Mumuye, wadda ta yi suna wajen farfesun kan sa da ganda da kayan ciki. Ta san Baba shekara da shekaru, wurinsa take sayen kai ranar kasuwa. Can ya kai ni. Rumfar cike take da ma'aikata da direbobi, ba ka jin komai sai ƙarar tsotsar ɓargo. Baba bai zauna ba sai da ya sanar da kowa cewa wannan autansa ne, a sakatariya yake aiki. Sannan ya je bakin tukunya da kansa ya zaɓo tozo da harshe, ya ce a haɗa mana a kwano ɗaya. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai yake yi wa wannan gata.

Ya turo mini tozon gabana. Na fara karanto masa zancen olsa, ya ce ai ya tambayi malamin asibiti, an ce dafaffen nama ba ya hana mai olsa komai. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya, tun daga ɗan maraƙin har zuwa azumin ƙaryar da na yi ta yi.

Mai rumfar ce ta ji, ta kama haɓa tana dariya, ta ce da irin tata Hausar:

"Ɗan mahauci ba ta cin nama? To me za ta ci a nan, benci?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Matar kirki ce, nan da nan ta ce za ta tsame naman ta kawo mini miyar zalla da tuwo. Ta kawo. Kafin in miƙa hannu Baba ya ɗauki kwanon ya kai hancinsa, ya ce akwai romon ƙashi a ciki, a mayar. Ta kawo shinkafa da wake, ya sansana ya ce da kitse aka soya albasar. Ta kawo miyar kuka, ya ce busasshen kifi. Hancin da ya yi shekara arba'in yana gane naman jiya da na yau, shi ne ranar ya tsaya yana yi mini gadi. Matar ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mahaucin da ke korar nama ba.

Daga ƙarshe ta tuna da doyar da ta dafa wa 'ya'yanta a wata tukunya daban. Aka kawo ta da man gyaɗa da yaji. Yajin ma sai da ya tambaya ko na mai tsire ne, ta rantse da hannunta ta daka. Tozo da harshen kuwa ya miƙa wa direbobin da ke bencin gefe, ya ce su yi masa addu'a. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin.

Sai ya tashi ya zaga bayan rumfa. Ina hango shi tsugune da buta, yana wanke hannu da sabulu, ya ɗauraye, ya sake sa sabulu, har ƙarƙashin farce yake bi. Ya daɗe. Da ya dawo ya zauna nesa da kwanon kaɗan, ya ce wa matar ta ba shi cokali.

Tunda nake ban taɓa ganin cokali a hannun Baba ba, ko fura da ludayi yake sha. Ya riƙe shi a dunƙule, ya danna doyar ta zame, ya sake dannawa ta zille zuwa bakin kwano. Yana ta fama, kuma yana lura kada yatsansa ya taɓa abincin. Na tambaye shi lafiya.

"Lafiya lau, Auta," ya ce, bai dube ni ba. "Hannun nan ya daɗe cikin jini. Ban san ƙyamarsa kake yi ba. Da ka faɗa mini, da tuni na raba mana kwano."

Ashe abin da ya ji ke nan cikin duk bayanina. Na yi shekara uku ina tsoron kada ya ce na raina sana'arsa, shi kuwa yana zaune a gabana yana zaton jikinsa nake gudu. Ban taɓa jin tausayin wani mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai.

Na miƙa hannu na zare cokalin na ajiye a kan benci.

"Nama na bari, Baba, ban bar hannunka ba. Doyar da zafi, gutsura mini."

Ya dube ni ya daɗe, kamar yana auna ko lallashinsa nake yi. Sannan ya sa yatsunsa ya gutsuro tsakiyar doyar, ya dangwala mai, ya dangwala yaji, ya hura mata iska. Ya miƙo zai sa mini a tafin hannu. Na kama wuyan hannun na kai bakina na ci daga yatsunsa, ni da kwat ɗina da takalmin ofis, a gaban direbobi da abokan aiki. Babu wanda ya yi dariya.

Ya jira sai da na haɗiye. Sannan ya share ido da hannun riga, ya juya ya ce wa matar ta ƙaro doya, yaronsa ya shekara uku bai ƙoshi a gabansa ba.