Sarjan Illa da Sunan da Na Ƙi Hwaɗi

Ku da kunka san Sarjan Illa kun san gaisuwa ɗaya tak yake amsawa. Ka ce ina kwana, shi ce lahiya. Ka ƙara da ina gajiya, sai shi ɗaga hannu: "Tarmine!" Wai an gama, da bakin Faransa. Har liman ya sha tarmine a ƙofar masallaci.

Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ni ban taɓa raga mishi ba. Shi ke riƙe da radiyon soja a barikin Tawa farkon samun mulkin kai. In ya gama aikin manya, sai shi bar iyalan sojojin da anka kai nesa su shigo a kira musu nasu. Amma a tsaye! Ko tabarma babu a ɗakin.

Na ce, "Illa, rowar har ta kai ga tabarma?"

Ya ce, "Hajo, in kunka zauna sai kun tambayi lahiyar awaki. Batir ba ya cin gaisuwa."

Wata rana ina nan wata yarinya ta zo daga Affala, mijinta na Agadas, ta kama ƙugu: "Ka hwaɗa mishi rumbu ya zube, uwarshi ta ishe ni, ko sabulu bai aiko ba, ragon banza!"

Illa ya danna abin magana. "Alo Agadas. Matar Kaporal Abdu tana lahiya. Muryarta da ƙarfi. A aiko sabulu."

Ta ce, "Baba, ina sauran?"

Ya ce, "Iska ta kwashe, ɗiyata."

Aure nawa iskar nan ta ceta, Allah kaɗai ya sani.

To, ni ma tawa ta zo. Ɗana na fari soja ne, shina can Bilma. Matarshi ta haihu namiji, suna jibi, uba bai ma san an haihu ba, balle shi zaɓi suna. Dangin uwa har sun soma raɗa za su sa nasu. Jikana? Ina raye? Na ɗauki mayafi sai bariki, na ce Illa shi kira min Bilma.

Illa ya ce, "Sunan soja."

Na ce, "Ka san shi."

"Doka ta ce mai saƙo shi hwaɗi suna da bakinshi."

"Kai, tsohon banza! Kai ka yanka mishi ragon suna! Yaushe ka ji uwa ta kama sunan ɗan fari?"

"Ba suna, ba Bilma."

Na tsaya, ya tsaya. Mata sunka taru bayana suna jiran layi, rana na ta yi. Ni kam ko za a kwana ba ni hwaɗi. Da ya ga haka sai ya yi tsaki ya danna: "Alo Bilma. A kira min sojan Tawa wanda uwarshi ba ta hwaɗin sunanshi."

Akwatin radiyon ya yi ta shuuu. Can sai na Bilma ya ce, "Sarjan, ƙofa ta cika. Duk 'yan fari ne, kowa ya ce tashi uwar ce."

Wallahi ranar na soma ganin haƙoran Illa na ciki. Ya miƙo min abin magana: "Zaɓi naki."

Na buɗe murya: "Wanda jaki ya kayar tsakiyar kasuwar Bambeye, wando ya yage!"

Dariyar sojoji ta cika akwatin, sannan na ji, "Haba Inna! Haba Inna! Ni ne!"

Shekara ta kusa ban ji muryar nan ba. Na ce, "An samu namiji. Ba ni suna."

Sai ya hwaɗi sunan ubanshi, marigayi maigidana.

Illa ya gyara hula. "Doka ta ce mai karɓar saƙo shi maimaita."

"Sunan mijina? A bakina? Allah shi shirye ka, Illa!"

Na fito abina. Sai a hanya na gane abin da ya same ni: ga suna na samo, amma ba ni iya fidda shi gaban kowa.

Safiyar suna liman ya zauna, rago na ɗaure, dangin uwa sun zuba min ido. Liman ya ce, "Hajo, mi uban ya ce?" Sai munka ji takun takalmin soja. Illa ne, cikin kaki, ƙirji duk lambobi. Bai kalli kowa ba, ya duƙa ya raɗa wa liman a kunne.

Na ce, "Wa ya gayyace ka?"

Ya ce, "Saƙon da ba a maimaita ba bai isa ba. Dole na kawo shi da ƙafa."

Ya cinye cinyar rago guda, ya naɗe ta biyu cikin hula, wai ladan masinja.

Jikan nan nawa Maigida nake ce mishi har yau, kuma shina cikin waɗanda sunka ɗauki makarar Illa.

Allah shi jiƙan ɗan kawuna, shi yalwata mishi makwanci. Yadda ya kawo muna muryoyin 'ya'yanmu daga bayan rairayi, Allah shi jiyar da shi kira mai daɗi ranar tsayuwa. Amin.