Jan Dankalin Iya da Ƙaryar Yaya Sale

Yaya Sale, wanda nake bi, ya cuce ni. Da ƙarya ɗaya ya raba ni da abin daɗi tun ina ɗan ƙarami har na fito da gemu.

A Kaikai muka tashi, ƙasar Kusada, ana sabon samun mulkin kai. Kawu Idi direban babbar mota ne, in ya dawo daga Jos yakan zo da wani jan tushe wai shi bitirut. Kakarmu Iya ta ce sunan ya fi ƙarfin bakinta, ta raɗa masa jan dankali. Takan dafa shi ta yanka, ta haɗa da salak, albasa, dakakken ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta matsa lemon tsami. Ranar farko na suɗe kwano har ƙasa.

Da safe na ga fitsarina ja wur. Na ruga wurin Sale ina kuka. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsargiya ce, jan dankalin nan ya tado maka ita. In ka faɗa, Baba ya ce kududdufi ka shiga, ka sha bulala. In an sake dafawa, ka miƙo mani naka. Ni an yi mani kaciya, ba ya kama ni."

Na yi masa godiya, jama'a. Godiya!

Bayan sallar isha'i Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu zagaye ta, muna gasa gyaɗa muna ture-ture. Ni take kira mijinta. Wani dare ta ga na tura wa Sale kwanona, ta ce, "Mai gidana, yaji kake yi mani?" Na sunkuyar da kai. Ta gyara zama ta ce, "To ga wata tatsuniya nan tafe, ku buɗe mata hanya." Muka ce ta iso.

Wai Biri da Bunsuru suka tsinci fadama cike da jan tushe. Biri ya ce jinin ƙasa ne, mai ƙaho in ya ci sai ya mutu. Bunsuru ya tsaya gadi da yunwa, Biri na tona yana ci, har ja ya fito masa a gashi da mazaunai. Iya ta kwaikwayi kukan Bunsuru, muka yi ta birgima don dariya. "Shi ya sa har gobe ake ce masa jan biri," in ji ta, idonta a kan Sale. Shi kuwa tauna kawai yake yi. Na fi kowa dariya, ban san ni ne mai ƙahon ba.

Ko bayan an yi mani kaciya, tsoro bai bar ni na sake taɓa jan dankali ba. Karatuna bai wuce aji huɗu ba. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, na samu aikin lebura a ginin titi wajen Kankia. Wata magariba na sayi kwaɗon salak a tasha, na ci cikin duhu. Na ji wani zaƙi mai ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka, na ce a ƙaro. Da safe sai ga ja. Na koma na faɗa wa mai kwaɗon, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce jan dankali ne a ciki, kowa ya ci haka yake gani, launi ne kawai.

Nan na tuna idon Iya. Ashe tsohuwar nan ta faɗa mini gaskiya a gaban ɓarawon, ba tare da ta jawo wa ɗayanmu duka ba. Ta bar ni in gane da kaina, sai dai kan nawa ya yi nawa. Allah Ya jiƙanta. Yanzu ba na mako ban ci ba, ni ke yankawa da hannuna.

Ranar Juma'ar makon da na gano gaskiya na hau keke zuwa Kaikai da kwano shaƙe. Na iske Sale a zaure, na zauna gabansa na fara ci. Ya miƙo hannu, na janye.

Na ce, "Yaya, ni ma an yi mani kaciyar, tuni. Zauna ka yi gadi."