Azara Mai Kwano, Ungozomar Didaure

Haihuwa da asali

An haifi Azara 'yar Alassani a Didaure, tsohon zangon Sokode, cikin daminar shekarar 1897, wadda ta yi daidai da 1315 ta Hijira. Mahaifinta Malam Alassani bafatake ne mai safarar goro, wanda mutanen unguwa suka san kukan jakunansa fiye da yadda suka san fuskarsa, saboda ƙarancin zamansa a gida. Mahaifiyarta Zénabou ita ce ungozomar unguwa, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya.

Ranar da aka haife ta, kakarta ta wanke mabiyiya, wato naman nan da ke biyo bayan jariri, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta binne a bayan ɗakin Zénabou, gindin wata bishiyar lemun tsami. Mutanen Didaure na da yaƙinin cewa wanda mabiyiyarsa ke cikin ƙasar gidansu, duk nisan da ya yi zai komo, wanda kuwa tasa ta salwanta zai ƙare rayuwarsa a yawo. Malamai sun ce ba su ga wannan a littafi ba, amma sun yarda abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ya cancanci a rufe shi da ƙasa. Ga jama'ar da kakanninsu suka shuɗe a kan hanya, batun komowa gida ba abin wasa ba ne.

Karatu, aure da zuri'a

An sa ta makarantar allo tana da shekara shida, ta kai izu goma, daga nan ta tsaya, domin ƙafarta ta fi son bin uwarta gidajen haihuwa. A wajen Zénabou ta koyi yankan cibiya, da gasa jariri, da dafa ruwan wankan jego, da kuma kame baki, wanda uwar ta ce shi ne rabin sana'ar.

A shekarar 1915, shekara guda bayan Faransawa sun karɓi garin daga hannun Jamus, aka ɗaura mata aure da Awudu mahauci, mutum mai haƙuri wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a kan sa mai gardama. Unguwa ta riƙa tsokanarsu da cewa sun kama bikin suna ta kai da ta gindi: ita ta karɓi jariri, shi ya feɗe ragon. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, huɗu suka rayu, babbarsu Awa, wadda aka haifa a 1917. Da Zénabou ta rasu a 1926, Azara ta gaji askarta da matsayinta ba tare da wani ya ja ba.

Shiga aikin asibiti

A shekarar 1929 wani likita Bafaranshe ya buɗe ƙaramin ɗakin haihuwa mai gado takwas a gefen gari, ya nemi ungozomai a koya musu aiki. Azara kaɗai ta je daga Didaure. Wata shida ta yi tana koyon wanke hannu da sabulu, da tafasa almakashi, da gane cikin da ya zo a gicciye tun kafin ya gagara. Ba ta da girman kai a kan abin da idonta ya gani yana ceton rai, don haka ta karɓa hannu biyu. Aka ba ta takardar shaida da farar riga, aka fara kiranta matoron, wato ungozomar asibiti.

Amma akwai doka guda a ɗakin: duk mabiyiya, murhun bayan gida ake jefa ta a ƙone, domin likitan yana tsoron cutar da ke kama masu jego. Labarin ya riga Azara isa unguwa. Gadaje takwas suka zauna a shimfiɗe, babu 'yar Didaure ko ɗaya da ta hau.

A watan Fabrairu na 1930 maƙwabciyarta Salamata ta yi kwana biyu tana naƙuda, yaro a gicciye. Azara ta durƙusa gaban surukar Salamata, Inna Safara'u, ta roƙe ta a kai yarinyar wajen likita. Tsohuwar ta ce, “Azara, ke ma kakarki a ƙasa ta sa taki. Ni ba zan ba da jikana a ƙone masa hanyar gida ba.” Salamata ta cika da hantsin rana ta uku, ita da abin da ke cikinta, a gidan da ake hango rufin asibiti daga ƙofarsa. Azara ta yi mata wanka da hannunta, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a rasuwar uwarta.

Bayan sadakar uku ta sami likita da tafinta, ta nemi a sassauta dokar. Ya saurare ta da mutunci, ya ƙi. Daga ofishinsa kasuwa ta nufa, ta sayi farin kwano mai jan baki da murfi.

Shekarun kwano

Daga watan Maris na 1930 Azara ba ta ƙara zuwa aiki ba tare da kwanon nan ba, ɗaure cikin adiko kamar na abincin rana. Idan mace ta sauka, ta wanke mabiyiya tas da ruwan magani, ta rufe a kwano, ta jefa tsummokara a murhu domin hayaƙi ya tashi, da an tashi aiki ta miƙa wa kakar jariri amanarta. Ta san sarai ranar da aka buɗe murfin nan, ranar za ta rabu da takardarta da farar rigarta. Magana ta bi ɗakunan mata daga kunne zuwa kunne, gadaje suka fara cika. Inna Safara'u da kanta ta rako wata matar ɗanta kafin shekara ta fita, ta kama hannun Azara ta riƙe.

Abin da ya fi damun Azara a shekarun nan ba tsoro ba ne, kunya ce. Abokan aikinta suna ganinta da kwano kullum, ba ta taɓa ce wa kowa bisimilla ba, sai suka raɗa mata suna Marowaciya. Matar da tukunyarta ke ciyar da rabin layinsu ta haɗiye wannan suna shekara shida. Mai gadi kaɗai, wani tsohon soja mai suna Karim wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya taɓa tare ta a ƙofa ya ce, “Inna, kwano na kowa ya shiga da nauyi, ya fita babu komai. Naka ya shiga babu komai, ya fita da nauyi. Ni dai ban gani ba.” Matarsa ma a can ta haihu sau biyu.

A cikin wannan hali ne Awudu ya rasu a 1933. Shi ne ke haƙa ramin idan gidan mai jego babu namiji a kusa.

Ranar da aka buɗe murfi

A farkon 1936 aka kawo sabon likita, matashi mai fara'a, mai son abincin ƙasa, wanda ya tsinci 'yar Hausa a bakin majinyata. Ranar Alhamis, sha shida ga Afrilu, da tsakar rana, ya ci karo da ita a baranda tana fita, ya yi dariya ya ce, “Madam Azara, an ce ke ba ki ba kowa. Yau dokotoro zai ɗanɗana.” Kafin ta janye, ya ɗage murfin.

Azara ba ta yi rantsuwa ba, ba ta kuma ɗora wa kowa ba. Ta ce, “Dokotoro, ba abinci ba ne. Ta Husseina matar tela ce, da safe ta sauka. Rufe mini, kakar yaro na jira.” Ya tambaye ta tun yaushe take wannan. Ta nuna masa ɗakin da haɓarta, ta ce, “Duk wadda ka gani a gadon can, kwanon nan ne ya kawo ta.”

Ya bar ta ta kai na ranar, amma magana ta riga ta fita gaban ma'aikata, dole ta kai ga manya. Bayan mako biyu aka ba ta zaɓi: ko ta ajiye takarda ta zauna gida, a kuma hana ta karɓar haihuwa a gari, ko ta tafi Dapango, can ƙarshen arewa, inda aka buɗe ɗakin magani babu matoron. Zama a Didaure tana jin naƙudar maƙwabta hannunta a naɗe ya fi mata mutuwa ciwo, don haka ta zaɓi tafiya. Ranar da za ta hau kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa arewa, ta danƙa wa Awa kwanon da ƙannenta, ta je bayan ɗakin uwarta ta tsinki lemu uku. Ta ce wa masu kuka, “Ku bari mana. Tawa tana nan a binne, ina zan je ban komo ba?”

Zaman Dapango

Ta isa Dapango a watan Mayu, bayan kwana uku a hanya da ƙetaren kogin Oti a Mango. Ta tarar da ɗaki biyu na ƙasa da malamin jinya guda, wani ɗan ƙabilar Moba mai suna Lamboni. Da ta gaya masa laifinta tun ranar farko don kada ya ji a bakin wani, sai ya kwashe da dariya ya ce, “Inna, nan kowa cikin tukunya yake binne nasa. Dokotoro sau biyu a shekara yake zuwa. Yi aikinki.”

Ta yi aikinta shekara tara da watanni. Ta karɓi haihuwar Moba da Gurmawa da Mosawa da 'yan zango, ta bi ƙauyuka a kan jaki, ta koyi yaren Moba irin koyon da ke sa mata masu naƙuda dariya, wanda ta ce shi ma magani ne. Ƙorafinta guda, ba ta kuma fasa shi ba har ta bar duniya: ƙasar da babu doyar kirki, sai tuwon dawa safe da yamma.

A Sokode kuwa, tafiyarta ta kwashe gadaje. A shekarar 1938 likitan nan da ya ɗage murfi, bayan ya yi wata da watanni yana kallon ɗaki babu kowa, ya yarda a riƙa wanke mabiyiya da magani a miƙa wa dangi a ƙofar baya cikin rufaffen mazubi. Awa ce ta kai farin kwanon, aka ci gaba da aiki da shi a fili. Likitan ya rubuta a mayar da Azara, aka amsa cewa sai an sami madadinta. Kafin a samu, yaƙi ya ɓarke a 1939, man mota ya yanke, motoci suka tsaya. Sau uku tana ɗaure kayanta, sau uku tana kwancewa, na ƙarshe domin matar Lamboni ce ke da ciki wata tara, ita kuwa ba za ta iya juya mata baya ba.

Rashin lafiya da rasuwa

A ƙarshen 1945 ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ta sa Lamboni ya rubuta wa Awa wasiƙa, wadda ba ta ƙunshi wasiyya ba sai tambayar ko lemun tsamin nan yana nan da rai. Da ya gama rubutu ta ce masa, “Ka gani ko, ɗana? Na buɗe wa 'ya'yan mutane hanyar gida, tawa ta ƙi buɗuwa.” Wannan ne karo ɗaya tak da aka ji ta yi shakkar abin da ta ba da rayuwarta a kai.

Allah ya karɓi ranta ranar Talata, sha biyar ga Janairu 1946, cikin watan Safar 1365, jim kaɗan bayan azahar, tana da shekara arba'in da takwas. Limamin zango ya sallace ta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar zangon Dapango. Matan Moba sun cika bakin hanya, kowace da goyo ko da yaro a hannu.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Awa, wadda ta gaje ta a aikin ungozoma, Issifou, mahauci a Sokode, Issa, maɗinki a Mango, da Amariya, matar aure a Didaure, da jikoki tara.

Awa ta iso ranar Asabar, kwana huɗu bayan jana'iza, domin motarsu ta maƙale a mashigin Oti. Tana rungume da farin kwanon nan ɗaure cikin adiko. Tun ranar da wasiƙa ta isa Didaure, Inna Safara'u, wadda a lokacin ta makance, ta sa aka kira mata Awa ta ce, “Idan uwarki ba za ta iya zuwa ba, ki kai mata. Haƙa gindin lemun nan.” Awa ta haƙa, ta cika kwanon da jar ƙasar bayan ɗakin kakarta.

Da aka gaya wa liman, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, bai ga laifi ba. Issa ya karɓi kwanon, ya juye a kan kabarin ta wajen kai, ya shafe da tafin hannunsa, aka yi fatiha.

Da Awa ta koma Sokode ta mayar da kwanon bakin aikinsa, tsoho Karim ya tare ta a ƙofa ya karɓa don ya taya ta. Ya jinjina shi a hannu, sa'an nan ya ce a duk shekarun da ya san kwanon nan, mabiyiya yake kaiwa gida, wannan karon ne kaɗai ya kai ƙasar gida wurin mai mabiyiya, ya komo babu komai. Allah ya jiƙan Azara 'yar Alassani, ya sa ƙasar nan biyu su yi mata sanyi.